Shirin Tafiya Gandun Dajin Everglades

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Kowace irin tafiya tana bukatar shiri, ko da zuwa cin kasuwar ƙauye ne, balle fa tafiya zuwa inda ruwa ya fi tudu yawa, kadoji kuma suka fi mutane. A cikin wannan 'yar maƙala ina so in yi wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu bayanin yadda mutum zai shirya ziyarar wani gandun daji da ke ƙasar Amurka, wanda ake kira Everglades. Wataƙila wani ya ce, ina ruwan ɗan makarantar kwana da dajin da ke bayan teku? To, ba wanda ya san inda karatu ko aiki zai jefa shi gobe. Wanda ma ƙafarsa ba za ta taɓa taka wurin ba, zai ƙaru da sanin wata irin ƙasa wadda ba mu cika gamuwa da irinta a darasin labarin ƙasa ba.

Shi wannan gandu yana can ƙarshen kudancin Jihar Fulorida, ba nisa da birnin Mayami. Girmansa ya kai eka 1,500,000, watau ya kusa ninka gandun dajin Yankari sau uku. Majalisar dokokin Amurka ta yarda a kafa shi tun 1934, amma sai ranar 6 ga Disamba, 1947 Shugaba Harry Truman ya buɗe shi. Yawancin gandayen da Amurkawa suka keɓe kafin wannan lokaci, saboda kyan duwatsu da kwazazzabai aka keɓe su. Shi kuwa Everglades ba shi da tsauni ko ɗaya. An keɓe shi ne domin tsuntsaye da kifaye da itatuwa da sauran halittun da ke cikinsa. Ƙasar shimfiɗe take kamar tabarma, yawancinta ba ta wuce ƙafa 8 bisa teku ba. A gefen babbar hanyar gandun ma akwai wani allo da ke sanar da matafiyi cewa ya iso wani hawa mai suna Rock Reef Pass, tsayin hawan kuwa ƙafa 3 ne cif. Ko ɗan aji ɗaya ya fi shi tsawo.

Wanda ya dubi wurin karon farko zai ce fadama ce mai ruwa kwance, alhali kuwa kogi ne yake tafiya. Ruwan saman da ya sauka a tsakiyar Fulorida yakan bi Kogin Kissimmee ya zuba cikin wani babban tafki mai suna Okeechobee. A da, in tafkin ya cika sai ya tumbatsa ta kudu, ruwan ya bazu ya yi faɗin kamar mil 60, ya kama hanyar teku, tafiyar fiye da mil 100. Gangaren ƙasar bai fi inci 2 a kowane mil ba, saboda haka ruwan ba ya cin ko mil guda a yini, kuma a wurare da yawa zurfinsa bai wuce gwiwa ba. Abin da ya rufe shi wata irin ciyawa ce mai haƙora a gefen ganye kamar zarto, wadda takan yanki hannun wanda ya shafe ta da gaugawa. Wata marubuciya mai suna Marjory Stoneman Douglas ta fitar da littafi a kan wurin a 1947, ta kira shi Kogin Ciyawa, sunan kuma ya bi shi har yau. Amma 'yan asalin wurin sun riga ta, don su suna ce masa Pa-hay-okee, watau ruwa mai ciyawa.

Mai shirin tafiya ya riƙe wannan kogi a ransa, domin hawan ruwan da saukarsa su ne za su zaɓar masa ranar tashi. Shekara a can kashi biyu ce. Damina tana kamawa daga Mayu zuwa Nuwamba, rani kuwa daga Disamba zuwa Afrilu. Ruwan da ake samu a shekara ya kai inci 60, mafi yawansa kuma da damina yake sauka.

Da damina zafi yakan kai digiri 32, wanda a wurinmu ba wani abin faɗa ba ne. Sai dai iskar can jiƙe take, gumi ba ya bushewa, mutum yakan ji kamar an rufe shi da jiƙaƙƙen bargo. Kusan kowace la'asar hadari yakan haɗu, ga walƙiya ga tsawa. Fulorida tana cikin jihohin da aradu ta fi faɗawa a Amurka, kuma wanda yake tsakiyar ciyawa ko cikin kwalekwale shi ne abu mafi tsawo a filin, saboda haka shi aradu za ta fara nema. Ga kuma sauro. Mu nan muna kukan sauron ɗakin kwananmu, amma na can a gefen teku da damina sai ya rufe mutum baƙi ƙirin, har ma'aikatan gandun sukan sa wata hula mai raga kamar gidan sauro kafin su fita. Daɗin daɗawa, daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba lokacin manyan guguwar teku ne. A 1992 guguwar da aka sa wa suna Andrew ta ragargaza garin Homestead da ke bakin gandun. A 2005 guguwa biyu, Katrina da Wilma, suka lalata masaukin baƙi na Flamingo da ke can ƙuryar kudu, sai a 2023 aka buɗe sabo. Bayan duk wannan wahala, mai zuwa da damina ba zai ga namun daji sosai ba, don ruwa ya cika ko'ina, kowace dabba ta watse ta kama gabanta.

Da rani labarin yakan canza. Ruwa yakan janye a hankali har ciyawa ta bushe, taɓo ya tsage. A nan ne kada yake nuna amfaninsa. Yakan sa baki da ƙafafu da wutsiya ya yashe laka ya yi rami mai riƙe ruwa, kifaye da kunkuru su taru a ciki don tsira da rayukansu. Tsuntsaye masu cin kifi kuma sai su bi su can. Shi kada yana cin rabonsa daga cikin baƙin nasa, amma waɗanda suka ragu su ne za su sake cika fadamar in ruwa ya dawo. Saboda haka wanda ya tsaya bakin kududdufi guda da rani zai ga abin da mai yawon mil goma da damina ba zai gani ba. Duk wanda ya je Yankari ya san wannan, don can ma da rani ne giwaye da ɓauna suke taruwa a bakin Kogin Gaji. Zafin rana a lokacin bai cika wuce digiri 25 ba, da dare kuwa yakan sauka zuwa 12, wani lokaci ma iskar sanyi takan taso daga arewa ta fi haka, don haka a sa rigar sanyi a jaka. Aibin rani ɗaya ne, kowa ya san shi ne lokacin zuwa. Wuraren kafa tanti da ɗakunan kwana sukan cika, sai mutum ya kama nasa tun da sauran watanni. A ganina Janairu da Fabrairu sun fi, domin ruwa ya riga ya janye, zafi kuma bai fara ba.

In an tsai da wata, sai a tsai da ƙofa. Nan ne baƙi da yawa suke ɓata yininsu. Gandun yana da manyan ƙofofi uku, kuma babu hanyar mota da ta haɗa su ta ciki. Wanda ya shiga ta ɗaya yana son ganin abin da ke ɗayar, dole ya fito ya zaga. Daga ƙofar Homestead zuwa ta Everglades City tafiyar kamar awa biyu ce a mota. Babu motocin haya da ke kai da kawowa a ciki kamar yadda muka saba, saboda haka sai mutum ya zo da motarsa ko ya yi hayar wata a Mayami, ya cika tanki tun daga gari. Ana biyan kuɗin shiga, takardar kuma tana aiki kwana 7 a dukan ƙofofin. Kuɗin yakan canza, don haka a duba shafin gandun a intanet kafin a tashi.

Mai yini ɗaya kacal, ƙofar Homestead ta fi masa. Daga ita hanya ta miƙe mil 38 har Flamingo a bakin teku. Mil kaɗan da shiga akwai wani wuri mai suna Royal Palm, inda aka yi wata 'yar hanya da gadar katako bisa ruwa, tsawonta bai kai mil guda ba. Ana kiranta Anhinga, sunan wani tsuntsu mai dogon wuya da ke nitso ya soke kifi da baki, sa'an nan ya hau reshe ya buɗe fukafukai ya shanya su kamar mai shanya wanki. A nan za a ga kadoji kwance suna shan hantsi, ga zalɓe, ga wasu manyan tsuntsaye masu kama da shamuwa. Abin da za a yi hattara da shi a wurin ajiye motoci ungulu ne. Ungulayen wurin sun koyi wata mugunyar ɗabi'a ta yage robar da ke gefen gilashin mota, har ya zama ana ajiye tamfol domin baƙi su rufe motocinsu. Wanda ya yi ƙyuyar rufewa, shi da masu motar haya. In aka ci gaba za a wuce dazuzzukan itatuwa da suka tsaya kamar tsibirai a cikin ciyawa. Masu son tarihi kuma suna iya tsayawa su ga wani tsohon sansanin makamai masu linzami da sojan Amurka suka gina bayan rikicinsu da Kuba na 1962, suka bar shi a 1979. A Flamingo, in an yi sa'a, za a ga ayu yana ɗago hanci a tashar jiragen ruwa. Ɗan'uwan ayun da masunta suka sani a Binuwai da Kwara ne.

Ƙofa ta biyu ita ce Shark Valley, a kan hanyar da ta ratsa daga Mayami zuwa yamma, wadda ake kira Tamiami Trail. A nan an yi hanya mai kwalta da ta zaga mil 15 a tsakiyar kogin ciyawar, da wata doguwar hasumiya a rabin tafiya. Ba a shiga da mota. Ko dai mutum ya yi hayar keke, ko ya hau wata buɗaɗɗiyar mota mai jan tirela wadda ke zagawa cikin awa biyu da mai yin bayani. Babu inuwa a hanyar, saboda haka mai keke ya ɗauki ruwa isasshe, ya kuma zo da sassafe, don da rani kafin hantsi ya yi nisa wurin ajiye motoci ya cika.

Ita wannan hanya ta Tamiami tana da labari da ya kamata matafiyi ya sani. An gama ta a 1928, ta kuwa tsaya a gicciye kamar madatsa ta tare ruwan da ke gangarowa kudu. Ba ita kaɗai ba ce. Tun farkon ƙarni na 20 mahukuntan Fulorida suka ɗauki fadamar a matsayin ƙasar banza, suka haƙa magudanu domin a busar da ita a yi noma da gidaje. Aka kewaye Tafkin Okeechobee da ganuwa bayan ambaliyar 1928 wadda ta kashe mutane fiye da 2,500. Aka wayi gari kusan rabin fadamar ta tafi, tsuntsaye masu kiwo a ruwa suka ragu ƙwarai, ruwan gishiri ya fara kutsowa cikin rijiyoyin da miliyoyin mutane ke sha. Mu ma mun ga irin wannan a fadamar Haɗejiya da Nguru, inda ambaliya ta ragu bayan an gina madatsar Tiga a 1974. A shekarar 2000 majalisar Amurka ta amince da wani babban shiri na maido da ruwan bisa hanyarsa, kuma a 2013 aka gama gadar farko mai tsawon mil guda a kan Tamiami domin ruwa ya wuce ta ƙarƙashi. Wanda ya bi hanyar zai hau ta.

Ƙofa ta uku tana Everglades City, can yamma, ita kuwa ta masu jirgin ruwa ce. Zan komo kanta.

Kayan da mai yawon yini zai ɗauka ba su da yawa. Riga mai dogon hannu da dogon wando masu sauƙi, malafa, takalmi sau-ciki, maganin sauro na shafawa, man kare fata daga rana, abinci, da ruwa fiye da yadda yake zaton zai sha. Madubin hangen nesa kuwa shi ne ya fi kome amfani, domin an ƙidaya tsuntsaye fiye da iri 360 a gandun. A cikinsu mai karatu zai gamu da wata tsohuwar saniya, watau balbela. Ba wanda ya kai ta. Ita da kanta ta ƙetare teku daga Afirka zuwa Amurka ta Kudu, daga nan ta hauro arewa, aka ga sheƙarta a Fulorida a 1953. Fararen tsuntsayen wurin sun sha wuya a da, lokacin da matan Turawa ke yayin sa gashin tsuntsu a hula. Maharba suka yi ta karkashe su, har a 1905 suka harbe wani mai gadin tsuntsaye mai suna Guy Bradley kusa da Flamingo. Ofishin karɓar baƙi na can yanzu sunansa yake ɗauke da shi.

Game da namun daji, doka ta farko mai sauƙin riƙewa ce ga Bahaushe: kada a matsa kusa da kada. Hukumar gandun ta ce a bar aƙalla ƙafa 15 tsakani. Yakan kwanta shiru kamar gungume har mutum ya ɗauka ba shi da rai, amma in ya zabura yana da sauri. Ba shi abinci laifi ne da ake cin tara a kansa, domin kadan da ya saba karɓa daga hannun mutane yakan daina tsoronsu, ƙarshensa kuwa ya ciji wani a kashe shi. Mai tafiya da ƙananan yara ya riƙe hannunsu a bakin ruwa. Kadojin iri biyu ne, kuma kudancin Fulorida ne kaɗai inda ake samunsu tare a duniya. Akwai baƙi mai faɗin baki, wanda Turawa ke kira aligeta, shi ya fi yawa, ruwan daɗi yake so. Akwai kuma mai tsinin baki da launin toka, dangin na kogunanmu, wanda ya fi son gefen teku. Macizai masu dafi iri huɗu ne, saboda haka kada a cusa hannu inda ido bai gani ba. Akwai ma itatuwan da taɓa su kawai yake sa fata ta yi ƙuraje, don haka baƙo ya bi hanyar da aka share, ya bar tsinkar ganye.

Akwai wata irin damisa mara zane wadda ba ta wuce guda 120 zuwa 230 da ta rage a jihar ba. Da wuya a gan ta, amma mota tana cikin abubuwan da suka fi kashe ta, shi ya sa direba zai rage gudu, musamman da dare. Wani abin baƙin ciki kuma shi ne mesa. Daga kudu maso gabashin Asiya aka riƙa kawo ta ana sayar wa masu kiwonta a gida don sha'awa, wasu suka kuɓuce, wasu kuma masu su suka gaji suka sake su a daji. Ta hayayyafa ta cinye ƙananan dabbobi. Wani bincike da aka buga a 2012 ya nuna cewa wasu daga cikinsu sun ragu da fiye da kashi 90 cikin 100 a wuraren da mesar ta daɗe.

Yanzu sai mu koma ƙofa ta uku. Daga Everglades City ake shiga yankin da ake kira Tsibirai Dubu Goma, ko da yake ba su kai haka ba. Duk itatuwan mangurob ne, irin na bakin teku a kudancin Nijeriya, masu saiwoyi a waje kamar ƙafafun gizo-gizo. Daga nan wata hanyar ruwa ta tashi mil 99 har Flamingo, mai tuƙa kwalekwale da filafili yakan yi aƙalla kwana 8 a kanta. Wannan ba tafiyar ɗan koyo ba ce. Wanda bai taɓa riƙe filafili ba ya fara da Nine Mile Pond a hanyar Flamingo, inda aka kakkafa sanduna masu lamba, a zaga kamar mil 5 a komo a yini guda.

Mai niyyar doguwar tafiyar sai ya karɓi takardar izini, wadda za ta nuna inda zai kwana kowane dare. Da yake tudu ya yi ƙaranci, an kafa wasu dakalai na katako masu rufi a kan dirkoki a tsakiyar ruwa, ana kiransu chickee, sunan da aka aro daga bukkokin mutanen Seminole da Miccosukee, 'yan asalin wurin. Ba a kafa ƙusa a kansu, saboda haka sai tanti mai tsayawa da kansa. Ba a kuma hura wutar itace, sai risho ko ɗan murhun gas. Babban abin lura shi ne ruwan sha. Mutum yana kewaye da ruwa ta ko'ina, amma duk na gishiri ne ko ruwan-dagwalo, babu famfo babu rijiya har ya fita. Ƙa'ida ita ce galan guda ga kowane mutum a kowace rana. In muka yi lissafi, kwana 8 galan 8 ke nan, watau kamar lita 30, nauyin kilo 30 ga mutum ɗaya kafin a sa abinci da tanti. A zuba shi a jarka mai kauri, domin akwai wata 'yar dabba mai kama da tunku, mai baƙi a ido kamar ta sha kwalli, wadda ake kira rakun. Ita ma ƙishirwa take ji da rani, takan zo da dare ta huda robar da ba ta da ƙarfi ta shanye ruwan, sauran ya tsiyaye.

Teku kuma yana cika yana janyewa kowace rana. Wanda ya tashi ba tare da duba jadawalin cikar ruwa ba, ko dai ya yini yana tuƙi ruwa na mai da shi baya, ko kuma ruwan ya janye ya bar shi maƙale cikin taɓo har sai ya dawo. Tsibiran kuwa kamarsu ɗaya, mashigin da ka wuce da safe in ka komo da yamma ba za ka shaida shi ba. Wayar hannu ba ta samun layi a yawancin wuraren, saboda haka sai an tafi da taswirar ruwa ta takarda da kamfas, an kuma iya aiki da su tun daga gida. Rigar hana nutsewa dole ce ga kowa. Kafin a tura kwalekwale cikin ruwa, a rubuta wa wani amintacce sunayen masu tafiya, da launin jirginsu, da inda za su kwana kowane dare, da ranar da za su fito. In ranar ta wuce bai ji daga gare su ba, sai ya kira ma'aikatan gandun ya karanta musu takardar, su san ta inda za su fara nema.